Irin da Ba a Shanyawa

"Sun fito?"

Auta ba ta ma gama cire takalmi ba tambayar ta tarye ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ledar lemo na lilo a hannunta.

Baba Safiyo yana kwance a kan gadon ƙarfen da aka jawo masa kusa da taga, an tokare bayansa da filo biyu. Kwanansa tara da dawowa daga asibiti. Likitoci sun ce zuciya ce, sun ba da magani, sun ce a je gida a huta, kuma duk wanda ya ji yadda suka faɗi maganar ya gane abin da suke nufi. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Idanun dai suna nan yadda ta san su, ƙanana, masu kallon mutum kamar ana auna shi.

"Kai dai tsohon nan ba ka da dama," in ji Gwaggo, matarsa, tana karɓar ledar. "Ka bar yarinya ta shigo ta gaishe ka mana. Ko ɗan sanda ai yakan bari a zauna."

"Wace yarinya? Likita ce guda. Likitar ciyawa."

Auta ta durƙusa a gefen gadon. "Sannu, Baba. Ya jikin?"

"Jiki ya yi nasa ya gaji. Na ce sun fito?"

Ta dubi kwalaben maganin da ke jere a kan kujera. Ta dubi silifas ɗinsa a ƙarƙashin gado, an haɗa su wuri ɗaya an tura can ciki. Tun daga gida ta shirya abin da za ta faɗa. Ta maimaita shi a bakin famfo, ta sake maimaitawa a ƙofar gida. Amma da ta buɗe baki sai wata magana daban ta fito.

"Sun fara fitowa, Baba."

*

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da nasa. Shi kuma ba safiyo ba ne, wato mai awon ƙasa, da bakinsa yake faɗa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar wa ma'aikatan awon ƙasa kaya, ƙafafun na'ura a kafaɗa, doguwar sanda mai ja da fari a hannu. A ce masa tsaya can, ya tsaya. Matsa hagu, ya matsa. "Ni jakin safiyo ne," yakan ce, "sai dai jakin da ke kallon ƙasa." Wannan tsayuwar ce ta koya masa duk abin da ya sani. Mutum ya yi awa guda a tsaye cikin daji riƙe da sanda, ba shi da abin kallo sai abin da ke tsirowa kusa da ƙafarsa. Ya kuma lura duk inda suka auna, ba a shekara biyu ake share wurin a yi gini. Sai ya ɗauki ɗabi'ar dawowa gida da wani abu a aljihu: saiwa, ƙwallo, ɗan reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen hankici.

Tsakar gidansa ba wurin sa ƙafa. Gwangwanayen fenti, na madara, jarkokin da aka yanke wa kai, tsohon baho mai huji, har da wata tukunya da Gwaggo ta yi wata biyu tana nema. Maƙwabta suna cewa tsohon yana kiwon sauro ne. Auta kuwa tun tana 'yar shekara bakwai take leƙowa ta inda bulo ɗaya ya fita daga jikin katangar. Ba ta da surutu, shi kuma bai taɓa damunta da tambaya ba. Sai dai ya miƙo mata ganye ta ramin ya ce, "Murza ki sansana." Ranar da ta zaɓi ilimin tsirrai a jami'a, mahaifiyarta ta ce dama ta san tsohon nan ne zai ja mata.

Da ta gama aka ɗauke ta ƙaramar ma'aikaciya a ma'ajiyar iri ta jami'ar. A nan ta ga sanarwar wata gidauniya mai ba da tallafi ga masu aiki a kan tsirran da asalinsu na ƙasar ne: a bincika su, a adana irinsu, a koya wa yaran makaranta sanin su. A tsakar gidan Baba ta rubuta takardar neman tallafin, kwamfuta a cinya, shi yana zaune a kan kifaffen bokiti yana jero mata wanne yake ina, wanne ya kusa ƙarewa, wanne ke fure da ruwan farko. Tsirrai sittin da biyu ta lissafa, fiye da rabi daga bakinsa. Da tallafin ya fito, ya sa ta karanta masa takardar tun daga farko tana fassarawa. Ta zo inda aka ce an samu bayanai daga "wasu dattawan yankin", sai ya ɗaga hannu.

"Su wa da wa?"

"Haka ake rubutawa, Baba."

"Au! Ni kaɗai na zama dattawa?" Ya yi dariya har da tari, ya ɗaga murya wajen kicin. "Ke, fito ki gani, mijinki ya zama taro!"

Auta ta taya shi dariyar, kanta a sunkuye.

Cikin sittin da biyun akwai wata bishiya da kakarsa ke kira 'yar-rafi. A duk yawonsa guda huɗu ya taɓa gani, uku an riga an sare su. Ta huɗun tana bakin wani rafi a bayan gari, a filin da wani kamfani ya saya don gina gidaje. Ranar da ya ji katafila ta shiga wurin, ya ɗauki sandarsa ya hau motar haya. Ya tarar an kwantar da ita, 'ya'yanta sun watse a ƙasa. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, direban katafilar yana masa hon.

Da yamma ya kira ta ta ramin katanga, ya ce ta zagayo. Gwangwanin biskit ne cike da yashi mai damshi, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

"Arba'in ne. Na zaɓo miki masu kyau. To ki ji ni da kyau, Likita. Wannan ba wake ba ne. Ba a shanya shi. Ranar da ya bushe, ranar ya mutu. Kar yashin nan ya rabu da damshi. Kuma ba ya gaggawa. Saiwa yake fara yi a ƙasa, sai kin cire rai sannan ya leƙo."

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

"Ba a shanya shi."

Washegari ta tarar da ma'ajiya a cike. Baƙi biyu daga gidauniyar sun zo ganin aiki, da mai ɗaukar hoto. Farfesa, shugaban sashen, yana zagayawa da su. Mai kula da ma'ajiyar, wanda kowa ke kira Oga saboda shekara ashirin da ya yi a wurin, shi ya karɓi gwangwanin. Ya ɗaga buhun da yatsu biyu, ya yamutsa fuska.

"Wannan kuma fa? Wa ya jiƙa mana iri? Nan da sati ai ya yi funfuna."

"Wani... maƙwabcinmu ne."

"Ma'aikacin gandun daji ne?"

"A'a."

Kowa ya juyo yana kallonta.

"An ce ba a shanya shi," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Farfesa ya yi murmushi, ba na mugunta ba, irin wanda ake yi wa ɗaliba a gaban baƙi. "An ce? Wa ya ce? A wace takarda?"

Abin da ya fi ci mata rai daga baya shi ne ta sani. A aji uku an koya musu akwai irin da ba ya jure bushewa, har ta ci jarrabawa a kai. Ta kuma san ƙa'idar aiki: in ba a san halin iri ba, kaɗan ake gwadawa a ajiye saura. Kalma goma ta ishe ta. Amma sai ta hango Baba a tsaye cikin farin ɗakin nan mai sanyi, da wandonsa mai tabon laka da silifas ɗin da ya ɗaure da waya, ana tambayarsa a wace takarda. Ta ji kunyar a ce wannan ne malaminta.

Mai hoto ya ce zai fi kyau a ga irin duka a kan tire. Da hannunta ta wanke musu yashin, ta baza su arba'in cif a kan tiren ƙarfe, ta tura cikin ɗakin busarwa. A hoton da gidauniyar ta sa a shafinta, murmushi take yi.

Kwana goma sha biyar suka yi a ciki. Aka liƙe talatin a leda aka sa a firji, aka ba ta goma ta gwada su a jiƙaƙƙen yashi. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku. Tana ce wa kanta ai ya ce ba ya gaggawa. Ranar da ta kasa jurewa ta ɗauki reza ta tsaga guda: cikin ya motse, ya yi baƙi, ya rabu da ɓawonsa. Ta tsaga na biyu, na uku. Ta fito da na firjin ta girgiza ɗaya kusa da kunne, ta ji yana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.

"Yakan faru," in ji Farfesa da ta kai masa labari. "Ki rubuta a rahoto cewa bincikenmu ya nuna irin ba ya jure bushewa. Wannan ma sakamako ne, babba ma kuwa. Za ki iya fitar da maƙala a kai."

A cikin satin nan ne Baba Safiyo ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo da bokitin ban-ruwa a hannunsa.

*

"Sun fara," ya maimaita, ya gyara kansa a kan filo. "Guda nawa?"

"Kamar... shida."

"Ka ji!" Gwaggo ta tafa hannu. "Sai ka bar mu mu yi barci yanzu. Kullum iri, iri, ko sunan jikokinsa ba ya kira haka."

"Wane launi?"

Auta ta ɗaga kai. "Na'am?"

"Tsiron. Da ya leƙo, wane launi ne?"

Ba ta yi tsammanin wannan ba. Ta tuna dubban tsirran da ta gani a tire-tire tun tana ɗaliba.

"Kore, Baba. Kore shar."

Ya mayar da ido kan silin, inda ruwan bara ya bar tabo. Fanka tana juyawa a hankali. Wani mai sayar da tsintsiya ya wuce ta ƙarƙashin taga yana kira, har muryarsa ta yi nisa.

"Kore," ya ce. "To. Madalla."

"Gobe ki ɗauko masa hotonsu a waya," in ji Gwaggo, "ya gani ya ji sanyi."

"Bar ta. Idona ba ya ganin waya." Ya miƙo hannu, ya ɗan daki bayan hannun Auta sau biyu, kamar yadda yake dakar ƙasa in ya gama shuka. "Ɓare mini lemon nan, Likita. Gwaggonki in ta ɓare rabi a bakinta yake ƙarewa."

Ta ɓare, ya sha ɓari biyu, ya ce ya ƙoshi.

Daga ranar Auta ta canja hanya. Tashar mota tana hannun dama, ta gaban ƙofar Baba. Sai ta riƙa bin hagu, ta zagaya ta bayan shagon mai walda da kwatar da ba ta bushewa, ƙarin tafiyar minti goma. In ta dawo da yamma ta shige ɗaki ta rufe. Ramin katangar nan ma ta jingine masa tsohuwar tabarma.

"Wai me tsohon nan ya yi miki?" mahaifiyarta ta tambaya a kwana na shida, tana tsaye a kanta da kwando a ƙugu. "Mutumin da ya raine ki ta ramin katanga. Jiya sau biyu yana tambayarki."

"Aiki ne ya yi yawa, Mama. Rahoto nake rubutawa."

"Rahoto. In ya tafi sai ki karanta wa gadonsa rahoton."

Ran Asabar da hantsi ta shiga. Gwaggo ta tafi kantin magani, shi kaɗai ne a ɗakin. Ya ƙara ƙanƙancewa. An cire masa agogon an ajiye a kan kujera tare da kwalaben. Ta zauna a ƙasa, ta haɗa hannuwa a cinya. Yau kam za ta faɗa.

"Baba, irin nan..."

"Na taɓa ba ki labarin dutsen iyaka?"

"A'a."

Numfashinsa yana yanke maganar gunduwa-gunduwa, amma bai tsaya ba. "Wata shekara muna auna filaye. Safiyo ya ce tsaya nan, na tsaya. Ina dubawa sai ga wani ɗan tsiro daidai inda zan kafa sanda, irin da ban taɓa gani ba. Na matsa taku ɗaya. Taku ɗaya tak. Shi yana can nesa da idonsa a na'ura, bai lura ba, ya rubuta. Aka zo aka kafa dutse a wurin." Ya huta. "Filin wa da ƙani ne. Da suka tashi gini aka ga katangar ɗaya ta ci ta ɗaya. Shekara uku suna shari'a. Har ƙanin ya mutu ba sa gaisawa."

"Ba ka faɗa ba?"

"Kullum gobe. Ina goben nan safiyon ya mutu shi ma. Sai na daina bi ta layin. In zan je kasuwa in zagaya ta bayan makaranta." Ya juyo da kai a hankali, ya sauke ƙananan idanun nan a kanta. "Zagaye da nisa, Likita. Cin takalmi gare shi."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Maganar tana nan a bakinta, kalma huɗu ko biyar. Shi kuwa yana jira. Bai taɓa yi mata gaggawa ba tun tana 'yar shekara bakwai.

"Baba."

"Na'am."

"In... in ƙara maka filo?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya lumshe ido.

"Ƙara."

*

Ran Talata tana wata makarantar firamare, a ɓangaren koyarwa na aikin tallafin. Ta jera ganyaye a kan teburin malama, ta bi layi-layi tana miƙa wa yaran aji huɗu tana cewa, "Murza ki sansana. Murza ka sansana." Daga ƙarshe ta ɗaga babban hoton 'yar-rafi, wanda ta ɗauka tun bishiyar tana tsaye.

"Anti, tana ina?" wata yarinya mai giɓi ta tambaya.

"An sare ta."

"To 'ya'yanta fa?"

Wayarta ta hau rawa a aljihun jaka. Ta ce wa malamar tana zuwa, ta fita baranda.

"Auta, ki taho gida," in ji mahaifiyarta. "Ya cika. Yanzu-yanzun nan. Shayi ya sha, ya ce a buɗe masa taga, Gwaggonki ta juya ta buɗe, shi ke nan."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya cika da mutane, aka tura gwangwanayen gefe don a samu wurin kujeru. Auta ta ɗauki aikin wanke kofuna a bayan kicin, inda ba sai ta haɗa ido da kowa ba. Duk da haka babban ɗan marigayin, wanda ya zo daga wani gari mai nisa, ya neme ta har can.

"Ke ce Likitar? Allah ya saka miki. Mama ta ce ke kika faranta masa a ƙarshe, kin ce irinsa sun tsiro. Mu kam ba mu taɓa gane wannan harka tasa ba. Kin fi mu zama 'yarsa."

Ta ce, "Allah ya jiƙan Baba," ta ci gaba da cuɗa kofin da ta riga ta wanke.

Bayan sati guda gidan ya yi shiru. Da safe tana shirin fita sai ta ga tabarmar da ta jingine tana motsi, wata sanda ta ture ta daga ɗaya gefen.

"Ke, Likita," muryar Gwaggo ta fito ta ramin. "Wa kike ɓoye wa? Zagayo."

Tsakar gidan ta yi fili. 'Ya'yan sun tattara gwangwanayen a jikin bango, wasu ganyen sun fara laushi. Gwaggo tana zaune a kan kifaffen bokitin nan, ta yi ƙanƙanta a cikin mayafi.

"Yaran sun ce za a kira mai mota ya kwashe. Na ce ba mai taɓawa sai kin zo kin zaɓa. Amma akwai wanda ya bar miki da bakinsa. Leƙa bayan tankin ruwa."

A lungun da rana ba ta kaiwa, tsakanin tanki da bango, akwai gwangwanin madara a lulluɓe da guntun buhu. Buhun a jiƙe yake. Auta ta ɗauko shi da hannu biyu.

"Guda uku ne," in ji Gwaggo. "Cikin waɗanda ya tsinto ranar katafila. Wai ƙanana ne, ɗaya ma a karkace, ya ji kunyar ba ki su ki kai jami'a a gaban manya. Sai ya tura su nan. Ranar da kika zo da lemo, kina fita ya ce in ɗauko masa. Ya ɗora a ƙirji ya yi ta kallon yashi, ba komai a ciki fa, yashi kawai. Ya ce in mayar, in riƙa zuba rabin kofi kullum da safe, in ya tafi in ba ki. Na ce ka ba ta yanzu mana, ga ta nan katanga ɗaya. Ya ce in ƙyale ki, kaya ne a kanki, kar a ƙara miki." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ni dai ina zubawa. Ko ranar da ya rasu sai da na zuba, kar ya tashi ya yi mini faɗa."

Auta ta durƙusa, ta ajiye gwangwanin a kan siminti, ta ɗaga buhun.

Yashin ya tsage a gefe ɗaya. Daga tsagar wani abu ya leƙo, bai kai tsawon ashana ba, kansa a lanƙwashe, ƙwayar yashi biyu a maƙale da shi.

Ja ne. Ja wur, kamar tsinin barkono.

Ta daɗe a durƙushe. Ta ji fankar ɗakin nan tana juyawa, ta ji mai tsintsiya yana wucewa, ta ji muryar Baba tana cewa: Kore. To. Madalla.

Gwaggo ta miƙo wuya. "Lah, ya fito! Ka ga ɗan banza, sai da mai shi ya tafi. Ja ne ashe. Naku na can ma haka suka koma?"

"Babu na can, Gwaggo."

"Kamar yaya?"

"Na shanya su. Ya ce kar in shanya, na shanya. Duka arba'in ɗin sun mutu tun kafin ya kwanta." Ta ɗago ta dubi Gwaggo. "Ƙarya na yi masa. Ko ɗaya bai fito ba. Kuma ya sani."

Gwaggo ta janye wuyanta. Ta dubi Auta, ta dubi gwangwanin, ta dubi tagar ɗakin da har yanzu take a buɗe. Can ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta ja ƙafa zuwa bakin famfo. Auta ta ji ƙarar ruwa a cikin kofin roba, ta ji an zubar da kaɗan a ƙasa.

Kofin ya sauka a gefenta.

"Rabi yake cewa. Kuma ba a kansa ba, ta gefe-gefe."

Auta ta ɗauka. Ta karkata kofin a bakin gwangwanin, ruwan ya bi gefe ya zagaya, ya tsaya ɗan lokaci yana ƙyalli, sannan yashin ya shanye shi a hankali. Ƙwayar yashi ɗaya ta saki jan kan ta faɗo.